Matar da Ke Kama Tsuntsu Ta Saki

Duk shekara sai an turo mini ku. Ɗalibai masu farar riga da takalmin roba sabo fil, kowa da wayarsa a hannu yana jiran ya ɗauki hoto da tsuntsu. Kuma duk shekara sai an sami ɗaya a cikinku, yawanci wanda ya fi kowa tsawo, ya dubi ragar da na kafa, ya dube ni, ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Wai wannan ne aikin? Ai ko ƙanena zai iya." Ina ji sarai. Gwiwata ce ta tsufa, kunnena yana nan garau. Jira nake tsuntsun farko ya faɗa raga, sai in ja gefe in ce, "Bismillah, ranka ya daɗe, ciro mana shi." Kafin ya gama, gumi ya jiƙa farar rigar, tsuntsu ya ƙara nannaɗewa, shi kuma yana waige yana neman almakashi. Kowa ya kusanci ragata da almakashi, ranar ya gama aiki da ni.

Sunana Rifkatu, amma Maman Ishaya aka fi sani. Aikina in kama tsuntsun daji da ransa, in ɗebi ɗigon jininsa, in sa masa zobe a ƙafa, in sake shi. Jinin kuma likitocin dabbobi ake kai wa, su duba ƙwayoyin cutar da ke zaune a cikinsa. Dangin wadda ke sa mu zazzaɓin cizon sauro ce, amma tasu daban take, ba ta kama mutum. Sauro da wasu ƙananan ƙudaje ne ke ɗauke ta daga wannan tsuntsu zuwa wancan. Wannan ɓangaren kun fi ni saninsa, kun karanta a littafi, ni kuma ba na jayayya da littafi. Abin da zan gaya muku shi ne abin da ke faruwa tsakanin raga da gilashin da ake shafa jinin a kai, domin a nan tsuntsu ke mutuwa idan hannu bai iya ba.

Ba da tsuntsu na fara ba, da zare na fara. A wata masaƙa a Kakuri na yi ƙuruciyata, ina tsaye gaban inji, idan zare ya tsinke in kamo bakinsa in ƙulla kafin yadi ya lalace. Da aka rufe masaƙar muka watse, wasu suka koma ƙauye, wasu suka kama tuyar ƙosai a bakin titi. Ni ɗinkin hannu na kama a ƙofar gida. Wata rana wani dattijo daga Makera, Malam Sule, ya zo da wani abu baƙi a dunƙule cikin leda, ya ce an gaya masa akwai wata a nan da ke iya ƙulla zaren da ido ba ya gani. Na buɗe, na ga raga ce, siririya kamar gashin kai, jemage ya faɗa mata ya yi kaca-kaca da ita. Na gyara. Da ya dawo ya ɗaga ta a rana yana neman inda na ƙulla, bai samu ba. Sai ya ce, "'Yata, kina tsoron tsuntsu?" Na ce kaza ma ni nake yankawa a gidanmu. Ya ce, "To, wannan shi ne abin da za ki fara mantawa."

Malam Sule tun yana yaro yake kama tsuntsu yana sayarwa a keji. Da girma ya zo masa sai wata likitar dabbobi, Dakta Asabe, ta ɗauke shi yana kama mata don bincike. Idonsa ya fara rauni, shi ya sa yake neman yatsu. Amma kada ku ɗauka daga zuwa ya miƙo mini tsuntsu. Rani guda na yi ina ɗaukar sandunan gora, ina kafa raga, ina kwancewa, ina ɗinka jakunkunan atamfa da ake saka tsuntsu a ciki ya natsu. Abin da ya ba ni in riƙe shi ne tumatir, wanda ya nuna lugub. Zai sa mini shi a tafin hannu, in rufe yatsu a kansa, mu yi ta tafiya a fadama yana ba ni labari. Can sai ya ce in buɗe. Idan ya ga shatin yatsa a jikin tumatirin sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan wannan gwara, kin kashe ta tun a wajen mangwaron can." Haushi kamar in jefe shi da tumatirin. Sai daga baya na gane cewa tsuntsu da ƙirjinsa gaba ɗaya yake numfashi, matsi kaɗan ya isa ya ɗauke masa iska, kuma ba zai yi kuka ba, sai dai ka buɗe hannu ka ga kai ya langaɓe.

Tsuntsun farko da ya bari na ciro, wata 'yar gwara ce da ta faɗa ƙasan raga a fadamar da ke bayan Unguwar Boro, inda rafi ke ratsa gonakin masu lambu. Na kai hannu kai tsaye zan kamo ta, ya buge mini hannu. Ya ce in fara dubawa ta wane gefe ta shiga, domin ta inda ta shiga ta nan za ta fita, wanda ya jawo ta ta ɗaya gefen ya ɗinke ta a ciki ke nan. Na zaga, na sami gefen. Ƙafafu ake fara kwancewa, a riƙe su sama da gwiwa don kada su karye. Sai fiffike ɗaya, sai ɗayan, kai ne na ƙarshe, a zare shi kamar ana cire wa jariri riga. Wani sa'in zare kan maƙale a bayan harshe, a nan ne ake bukatar tsinken ciyawa da haƙuri. Da ta fito na sa wuyanta tsakanin yatsana manuni da na tsakiya, bayanta a tafina, sauran yatsu sun yi mata rumfa ba tare da sun matsa ba. Na ji zuciyarta tana bugawa a fatata da saurin da ban taɓa jin irinsa ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba na ɓoye muku, gani nake yanzu za ta fashe a hannuna. Malam Sule ya ce, "Daina kallonta, yi aikinki, ita ma sauri take."

Ɗibar jinin kuma aiki ne na daban. Ka buɗe fiffike, ka hura gashin da ke ƙarƙashi da bakinka, ka shafa ɗan sifirit, sai jijiyar ta bayyana, ba ta kai zaren ɗinki kauri ba. Da bakin allura kawai ake taɓa ta. Ɗigo ya taso, ka zuƙe shi da siririn bututun gilashi, ka danna auduga har jinin ya tsaya. Ba a sakin tsuntsu yana zubar da jini, ko da kuwa raga ta cika da wasu suna jira. Ɗigon nan ka ajiye shi a bakin gilashi, ka kawo wani gilashin ka jingina, ka ja sau ɗaya tak, ba tsayawa, ba komawa. In ka yi daidai zai shimfiɗu siriri, ƙarshensa ya yi kamar harshe. In hannunka ya yi rawa, ka yi wa Dakta faten jini, ba abin da za ta gani a ciki. Sannan ka tsare shi har ya bushe, domin ƙuda na son jinin nan fiye da yadda kuke son shawarma. Na taɓa ganin ɗalibi ya jera gilasansa a kan dutse ya tafi amsa waya, ya dawo ya tarar ƙudaje sun lashe aikin safiya tas. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba, sai ka yi ta fifita da kwali kamar mai gasa masara.

Ranar da Dakta Asabe ta fara nuna mini jinin a madubin duba ƙwayoyin cuta, na kurciya ne, wadda ni da kaina na kama. Na leƙa na ga ƙwayoyin jini birjik kamar an baza agushi a tire, kowace da ɗigo a tsakiya. Ta ce in dubi wata a gefe. Na ga wani abu ya lanƙwashe a cikinta ya rungume ɗigon. Ta ce shi ne. Na ce, "Dakta, ai kurciyar nan ƙiba gare ta, har kashi ta yi mini a zane ta tashi fir." Ta yi dariya ta ce haka ne, da yawansu da cutar suke yawo, suna ci, suna ƙwai, wasu kuma takan kayar da su, musamman idan yunwa ko renon 'ya'ya ya haɗu da ita. Abin da take son sani ke nan, wa ke ɗauka ya rayu, wa ke faɗuwa, da wane lokaci na shekara abin ke tashi. Shi ya sa ake sa zoben. Ɗan ƙarfe ne mara nauyi mai lamba, ana matse shi da filaya yadda zai juya a ƙafa amma ba zai zame ba. Idan tsuntsun ya sake faɗawa raga bayan wata damina, lambar ce za ta ce shi ne, a sake duba jininsa a ga yadda ya ƙare da cutar. Duk aikin a kan dawowar nan ya tsaya, tsuntsun da aka kashe kuwa ba ya dawowa.

Masu nemana iri-iri ne. Akwai Dakta da irinta, waɗanda suka san cewa tsuntsu ba ya zuwa don an matsu. Akwai irinku, da za ku zo ranar Talata ku ce kuna son jinin tsuntsaye buhu guda kafin Juma'a saboda malaminku ya tsananta, kamar ni nake ba su izinin tashi. Akwai masu lambu, mutanen kirki, sai dai kullum sai sun leƙa jaka sun ce, "Maman Ishaya, wannan mai ƙibar fa? Ko ɗaya ba za a bar mana na farfesu ba?" Sannan akwai masu zuwa a mota mai baƙin gilashi. Wani ya taɓa tsayawa a bakin hanya ya aiko a kira ni, babbar riga har ƙasa, turare kamar an fasa kwalba. Ya ce alhudahuda yake so da rai, an ce za a haɗa masa magani da zuciyar tsuntsun. Na ce ban da shi. Ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce ina so ya janye motarsa, ta tsaya mini a kan igiyar raga.

Yanzu bari in gaya muku shekarar da ta fi kowace muni, shekarar da murar tsuntsaye ta shiga gonakin kaji. A lokacin a Unguwar Boro nake, a gidan haya na Oga Emeka. A ɗakin nan aka kawo ni amarya, a nan na haifi Ishaya da ƙannensa, a nan maigidana ya cika. Gwaibar da ke ƙofar ɗakin ni na dasa ta. Oga Emeka makanike ne a Kakuri kafin ya gina gidan, daga baya ya bar gareji ya zuba duk abin da ya tara a kiwon kaji a filin da ke bayan gida. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya ji labarin nan ya ce na ce haka. Ranar da maigidana ya rasu, shi ya ɗauki gawar a motarsa har ƙauyenmu, ya tsaya aka rufe, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Da ciwon ya fara yawo a gari, na san inda nake zaune. Na daina shigo da raga da jakunkuna gida, a Makera nake barinsu wajen Malam Sule. A can nake wanka in canja kaya da takalmi kafin in dawo, kuma ban ƙara taka bayan gida ba. Duk da haka ciwon ya shigo, ta ina, Allah kaɗai ya sani, gidan da motar abinci da masu sarin ƙwai ke shiga suna fita kullum. Kaji suka fara zubewa. Ma'aikata suka zo cikin fararen kaya har fuska, suka kashe sauran, masu ciwo da masu lafiya, aka haƙa rami aka zuba. Na ga Oga Emeka zaune a kan kifaffen bokiti yana kallon ɗakunan kajin da ba ko motsi, babban mutum, hawaye na bin gemunsa. Na tausaya masa har cikin raina.

Bayan an kwana biyu matarsa tana sharar ɗakin da ake ajiye abincin kaji, sai ta tsinci gwara matacciya a bayan buhu. A ƙafarta akwai zobe. Nawa ne, ban musa ba, ni na matse shi da hannuna. Fadamar ba ta da nisa da gidan, kuma duk gwarar da ke unguwar ta san inda dusa ke zuba. Amma je ka gaya wa mutumin da ya binne dukiyarsa jiya. Kafin azahar gwarar nan ta zaga layinmu a cikin murfin kwano, kowa na leƙawa yana ja da baya. Matan da muke zumunta ɗaya a coci, waɗanda muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya, suka fara janye 'ya'yansu idan na fito ɗibar ruwa. Na dafa wake na aika wa maƙwabciyata kamar yadda na saba, aka dawo mini da shi ko buɗewa ba a yi ba.

Dakta Asabe ta zo da kanta ta yi musu bayani, Allah ya saka mata. Ta ce murar kaji daban, abin da muke nema a jini daban. Ta ce gaskiya ne wasu tsuntsayen daji kan ɗauki murar, amma zobe ba ya sa ciwo, ba ya kuma kiran tsuntsu zuwa gidan kowa. Suka saurara da ladabi, suka ba ta kujera mai kyau, suka raka ta har mota. Tana tafiya magana ta koma inda take. Ita a hayin kogi take kwana, ni ce nake kwana a cikinsu.

Sai aka kira ni gaban Baba Yakubu, dattijon da masu gidajen layinmu suka naɗa yana sasanta rigima. Tsohon soja ne, ba ya son doguwar magana. Ya ce, "Maman Ishaya, ni ban ce ke mayya ba ce, ban kuma yarda a faɗa a gabana ba. Amma ki taimake ni da abu ɗaya. Tun da nake, wanda ya kama tsuntsu, ko ya ci, ko ya sayar, ko ya sa a keji ya ji kukansa. Ke kin tashi da asuba, kin sha raɓa, kin kama, kin ɗebi jininsa, kin ɗaura masa ƙarfe mai lamba, sannan kin sake shi. Ina kike aikensa?"

Na ce, "Baba, ba na aikensa ko'ina. Gidansa yake komawa."

Ya ce, "To, abin da mutane suka kasa haɗiyewa ke nan."

A nan na gane inda matsalar take. Jinin bai dame su ba, kowa a nan yana yanka kaza. Ragar ma ba ta dame su ba. Sakin ne. Da ina soye tsuntsayen nan ina sayarwa a bakin titi da yaji, da ba wanda zai ce uffan, har layi za su yi. Wanda ya sha wahala ya kama nama sannan ya buɗe hannu, a wurinsu dole akwai wani mugun abu da ya saka a jikin abin da ya saki.

Baba Yakubu ya yanke cewa kowa ya zo fadama ya gani da idonsa. Washegari da safe suka zo, shi da Oga Emeka da matarsa, da wani dattijon cocinmu, da 'yan kallo da ba wanda ya gayyace su. Malam Sule ma ya zo, yana dogara sanda, ya sami kututture ya zauna. Na kafa raga kamar kullum. Da taro irin wannan ban zaci ko fara za ta faɗa ba, amma da rana ta ɗan ɗaga sai ga kurciya ta taso daga gonar alayyafo ta faɗa tsakiya. Na ciro ta a gabansu. Na auna ta, na matse mata zobe, na miƙa wa Baba Yakubu ƙafar ya karanta lambar da bakinsa. Na buɗe fiffike, na ɗebi ɗigon, na ja a gilashi, na danna auduga. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar na ranar ba. Da na hura gashin cikinta, kamar yadda ake yi wa kowane tsuntsu, na ga fatar a tsiraice, ja, da ɗumi. Kwanci take yi, ƙwai na can wani wuri yana hucewa. Ban gaya musu ba. Ba tausayi na zo roƙo ba, kuma ko namiji ne fankam fayau abin da zan yi ɗaya ne.

Baba Yakubu ya gyaɗa kai ya ce, "Mun gani, ba wani abin ɓoye. To, ga yadda za a yi, kowa ya huta. Ki ci gaba da aikinki, ba mai hana ki. Amma daga yau duk wanda kika ɗebi jininsa a yanka shi, kada a ƙara ganin tsuntsu mai ƙarfe yana yawo a kan gidajen mutane. A fara da wannan. Ki miƙa wa Malam ya yanka, Emeka ya gani, ki koma ɗakinki lafiya. In kin ƙi, Emeka ya ce ba zai iya kwana gida ɗaya da ke ba, ni kuma ba zan tilasta masa ba." Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya miƙa wa Malam Sule.

Malam Sule bai karɓa ba, bai kuma ƙi ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ba a hannuna take ba."

Dattijon cocinmu ya matso ya ce, "'Yar'uwa, ki duba 'ya'yanki. Allah da kansa ya ba mu tsuntsaye mu ci." Na ce na sani, Baba, ina cin kaza har ƙashi.

Sai Oga Emeka ya yi magana, muryarsa a dushe. "Mama Ishaya, abeg. Tsuntsu ɗaya ne fa, ordinary bird. Ni ba na so ki bar gidana, Allah ya sani. Amma mutane suna kallona, matata ba ta barci. Ki yi wannan kawai, make everybody rest, kowa ya huta."

Kada ku ɗauka ban auna ba. Na auna ɗakin, da gwaibar, da makarantar yara da ke bayan layi, da wahalar neman haya ga mace mai 'ya'ya ba miji. Kuma gaskiyar Oga Emeka ce, kurciya ce kawai, irinta nawa yara ke harbewa da danƙo kullum ba mai tambaya. Amma idan na miƙa ta, na yarda ke nan cewa akwai mugun abu a sakin da nake yi, cewa duk shekarun nan wani abu nake aikawa gidajen mutane. Kuma daga ranar na tashi daga mai wannan sana'a na koma mahauciyar gwara. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban matse hannuna ba, domin akwai rai a cikinsa.

Na ɗaga audugar na duba, jini ya tsaya. Na juya wa taron baya, na fuskanci gonar da ta fito. Ba a jefa tsuntsu sama, ku riƙe wannan, masu yi don hoto ne ke jefawa. Durƙusawa ake yi, a kawo hannu kusa da ƙasa, a buɗe yatsu, shi ya tashi da kansa. Na durƙusa, na buɗe. Ta ɗan tsaya a tafina kamar ba ta yarda ba, sannan ta buga fiffike ta bi ta kan alayyafo ta shige cikin mangwarori.

Matar Oga Emeka ta ɗora hannu a ka. Baba Yakubu ya mayar da wuƙarsa aljihu ya ce, "To, kin zaɓa." Na ce, "Na zaɓa, Baba. A ɗan matsa mini daga jikin raga, akwai sauran aiki."

Kafin ƙarshen watan na kwashe kayana. Ba wadda ta kama mini ko tabarma a cikin matan gidan, suna daga ƙofofinsu suna kallo, ni ma ban nema ba. Oga Emeka ya shige ɗaki bai fito ba. Na sami ɗaki ɗaya a Nasarawa, rufinsa na yoyo, mu duka muka cusu a ciki, yara suka canja makaranta. Na yi kuka a ɗakin nan, ba sau ɗaya ba, kuma har yau idan na bi ta tsohon layinmu na hango gwaibar ta leƙo ta kan katanga sai in kawar da kai. Amma fadamar ba ta Oga Emeka ba ce, masu lambu kuma ba su kore ni ba. Sai dai tafiyar da a da nake yi da ƙafa ta koma ta shiga mota biyu da sandunan gora, kwandasta na zagina ina ramawa.

Ɗalibai kan tambaye ni ko kurciyar ta dawo, suna so in ce ta dawo da 'ya'yanta ta sauka a kafaɗata. Ba ta dawo ba. Na kama kurciyoyi a fadamar nan har ban san iyaka ba, na ga zobba da yawa da na sani, nata ban sake gani ba. Jininta dai Dakta ta duba, akwai cutar a ciki, kamar yadda take a jikin da yawa daga 'yan'uwanta. Ko ta ƙyanƙyashe ƙwanta, ko cutar ce ta kayar da ita, ko shaho ya ɗauke ta tun a yammacin ranar, ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Wannan tsakaninta da Mai ita ne. Ni abin da na sani, da ranta ta shigo hannuna, da ranta ta fita.